Yadda Malam Nata'ala ya Dawo da Kaurar Nana

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, Shi ne mai fitar da tsiro daga busasshiyar ƙwaya, mai mayar da matafiyi ga danginsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, na yi nufin in rubuta abin da na sani na rayuwar abokina Malam Nata'ala na Mabai, Allah Ya jiƙansa, domin waɗanda suka san shi da ido sun ƙare sai ƙalilan, kuma ina tsoron kada labarinsa ya tafi tare da mu. Bai yi sarauta ba, bai tara dukiya ba, karatunsa ma bai wuce abin da zai gyara ibadarsa da shi ba. Manomi ne ɗan manoma. Amma wasiƙun da suka gudana tsakaninsa da gidansu tsawon shekara ashirin da huɗu, ni ne na rubuta masu tafiya da ajami, ni ne kuma na karanta masu zuwa. Saboda haka abin da zan faɗa, ko dai na gani, ko na karanta, ko kuwa shi da matarsa sun gaya mini baki da baki.

Ba za a fahimci Nata'ala ba sai an san dawar gidansu. Kakarsu Nana, wadda aka auro daga Yankara tun kafin zuwan Turawa, ta zo da zangarniya uku na wata kaura a cikin kayan ɗakinta. Kaura ce mai manyan ƙwaya rawaya, ƙaiƙayinta baƙi wuluk, wuyanta a lanƙwashe kamar ƙugiya. Tuwonta yakan kwana bai yi tsami ba, karanta kuma yana da zaƙin da yara kan sha kamar takanɗa. Aka yi ta shuka ta a gonar bakin tsamiya, nesa da sauran dawa don kada ta gauraya, har mutane suka sa mata suna Kaurar Nana. Gidan yana da al'ada biyu a kanta. Ta farko, kafin girbi maigida yakan shiga gonar shi kaɗai ya zaɓi zangarniyar iri da hannunsa, a rataye ta inda hayaƙin murhu ke buga ta. Ta biyu, duk wanda zai bar gidan, mace za ta ɗakin miji ko namiji zai yi doguwar tafiya, sai an ba shi zangarniya ɗaya.

A shekarar 1952, bayan an gama girbi, Nata'ala ya ɗaura niyyar aikin Hajji ta ƙasa. Yana da shekara ashirin da takwas, matarsa ta fari ta rasu a damunar da ta wuce, zaman gida ya yi masa ƙunci. Ina cikin waɗanda suka raka shi bakin gari. A nan wansa Malam Gide, wanda shi ne maigida tun rasuwar mahaifinsu, ya miƙa masa zangarniyar a naɗe cikin tsumma. Nata'ala ya yi dariya, ya ce shi da za shi ƙasar duwatsu inda ba a shuka, kuma shekara biyu zai yi ya dawo, me zai yi da iri.

Gide ya ce, "Ko ba ka shuka ba, ka riƙe. Haka muka taras ana yi."

Ya karɓa ya jefa a ƙasan burgaminsa.

Ya bi ta Funtuwa da Kano da Maiduguri, ya ratsa Fatlami da Abashe na ƙasar Chadi, wani wuri a mota, wani wuri a ƙasa. Guzurinsa ya ƙare bayan ya shiga ƙasar Sudan da kaɗan. Ya yi abin da dubban Hausawa suka yi kafinsa: ya tsaya neman na ƙarasawa. Ya ɗebi auduga a Jazira shekara uku, sa'an nan ya koma wajen Gadarif, inda ake yankan riɗi da dawar ƙasar. Can ya auri Safara'u, wadda aka haifa a Sudan, amma iyayenta mutanen Sabuwa ne da su ma suka fito da niyyar Hajji. Suka haifi ɗa guda, Sanusi. Duk lokacin da guzuri ya kusa cika sai wani abu ya gitta: ciwo, ko haihuwa, ko shekarar da ba a sami aiki ba, ko sabuwar dokar takardu a bakin teku. Ko wace wasiƙarsa da kalma ɗaya take ƙarewa: "Muna kan hanya, baɗi in Allah Ya so."

Ya kamata mai karatu ya san halin mutanen da ya zauna cikinsu, domin a nan ne nauyin al'amarin yake. A unguwannin Hausawan can, ba mai cewa ya zauna. Mutum zai yi shekara arba'in a wuri ɗaya, ya aurar da jikoki, amma in an tambaye shi sai ya ce shi matafiyi ne. Da yawansu ba su yarda su gina ɗakin ƙasa ba, sai na ciyawa, wai kada zuciya ta saba. Babu abin kunya a wurinsu kamar mutum ya juya yamma bai ga Ɗakin Allah ba. Irin wannan sukan ce da shi ya ba alƙibla baya, kuma ba a raka shi.

Wasiƙa takan zo sau ɗaya a shekara, wani lokaci sau biyu. In ta zo, Gide da ƙanwarsu Mero sukan zo zaurena a Kankara ranar kasuwa in karanta musu. Ba ya yawan ba da labarin kansa. Tambayoyi ne suka fi yawa. Ko tsamiyar gona tana nan. Ko rijiyar bayan masallaci har yanzu tana ƙafewa da bazara. Ko ana yin gayya kamar da, da kiɗa da fura a manyan ƙore. Wata shekara ya rubuta cewa ya ji ƙanshin daddawa a gidan wani baƙo daga Zamfara, ya tsaya a ƙofar gidan har mai gidan ya fito ya tambaye shi ko lafiya. Mero ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi, ban kuwa tabbata duka hawayen na dariya ne ba.

Sai farin shekarar 1973 ya zo. Aka yi shuka da ruwan farko, ta tsiro ta ƙone. Aka sake da na biyu, haka. Da ruwa ya sauko karo na uku, Gide ya sauko da ragowar irin da ke rataye ya zuba a ƙasa, yana ganin wannan karon damuna ta kama. Ba ta kama ba. Haka ya faru a gidan mijin Mero da sauran gidajen da aka kai zangarniyar ta hanyar aure. Ba yunwa ce ta cinye Kaurar Nana ba, kyakkyawan zato ne ya binne ta sau uku. Da shekara ta juyo aka sami iri daga hukuma da kasuwa, kowa ya shuka abin da ya samu. Ɗanliti, ɗan kawunsu, wanda ke fataucin hatsi a Yankara, ya bincika musu kasuwannin Faskari da Sabuwa da Ɗandume. Kaura tana nan iri-iri, amma mai baƙin ƙaiƙayin nan babu.

Gide ya zo wurina ya zauna. Da na ɗauki alƙalami ya ce, "Malam, rubuta mishi Kaurar Nana ta ƙare, kuma a hannuna ta ƙare. Kada ka ƙara kome."

Bayan wata huɗu amsa ta zo, ita ce mafi gajarta cikin wasiƙunsa. Bayan gaisuwa ya ce: "Ba ta ƙare ba. Tana bayan ɗakina."

Ashe tun shekararsa ta biyu a Sudan ya ga ƙwari sun fara taɓa zangarniyar, ya ji tsoron amana ta lalace a hannunsa, ya roƙi ɗan fili ya shuka. Damunar can gajeriya ce, don haka a shekarar farko kai bakwai kawai suka nuna kafin ruwa ya ɗauke. Ya ajiye su. Tun daga nan ko wace shekara yana shuka kunya goma ko sha biyu, nesa da dawar Larabawa, yana zaɓar waɗanda suka riga nuna. Bai taɓa ambata wannan a wasiƙa ba. Daga baya ya gaya mini dalili: matafiyin da ke renon irin gidansu a wuri, ya shaida wa kansa cewa ya zauna, shi kuwa bai so a sani a Mabai.

Ya aiko da ƙunshi ta hannun wani mutumin Katsina mai komawa gida. Mutumin ya cika amana, amma ya yi wata bakwai a hanya, kuma da aka kwance ƙunshin a gaban Gide sai gari da ƙwari. A shekarar da ta biyo, mai filin da Nata'ala ke aro ya haɗe gonakinsa ya kawo tarakta, aka tashi masu ƙananan kunyoyi. Nata'ala ya koma cikin garin Gadarif yana dako a kasuwar hatsi, a unguwar da ba ta da wurin shuka ko na kubewa. Damunar 1975 ta wuce bai shuka ba. Abin da ya rage na Kaurar Nana a duniya shi ne dami ɗaya ƙarami, girbin 1974, a rataye bisa murhun Safara'u.

Hikimar Allah kuwa, rabuwa da gonar ce ta cika masa guzuri. Dako ya fi noma kawo abin hannu, Sanusi kuma ya zama direban babbar mota yana taimakawa. A karo na farko cikin shekara ashirin da uku, abin da zai kai shi da matarsa Makka ya haɗu. Ya yi takardu, ya sayi farin ƙyalle biyu na harami ya ninke a akwati, yana jiran Hajjin ƙarshen 1976.

A nan gida kuwa duniya ta sake. Arzikin man fetur ya buɗe, fam ya tafi naira ta zo, rufin kwano ya fara ƙyalli a ƙauyuka, samari suka bar gandu suka tafi Kaduna aikin gini. Hajjin da kakanninmu ke yi wa wasiyya kafin su fita ya zama tafiyar wata guda daga filin jirgin Kano. A Hajjin 1975 Ɗanliti ya biya kujera, muka ba shi wasiƙa, domin a Makka ba a rasa mai komawa Gadarif. Gide bai roƙi ƙanensa ya dawo ba. Ya ce ba zai shiga tsakanin mutum da Ɗakin Allah ba. Amma da ya fita alwala, Mero ta matso ta ce da ni a hankali, "Malam, ƙara mishi layi ɗaya. Ka ce idon Yaya shina tafiya, kuma shekara biyu ke nan ya hana a shuka kome a gonar bakin tsamiya." Na rubuta, kuma na karanta wa Gide da ya dawo, don ba na rubuta abu a ɓoye. Bai ce a goge ba.

Amsar da ta zo ta gidan waya ba ga Gide aka aiko ta ba, gare ni ce. Tambaya ce ta fiƙihu. Ya ce guzurinsa na tafiya ɗaya ne, gabas ko yamma. Shin wanda ya fito da niyyar Hajji, kuma yanzu ya sami iko, in ya juya gida ya saɓa wa Ubangijinsa? Na yi kwana uku ina duba mas'alar. Na rubuta masa cewa wanda bai ɗaura harami ba bai shiga ibadar da yankewa zai zama laifi ba. Cewa malamanmu sun yi saɓani ko Hajji na wajaba nan take ga mai iko ko akwai sararin jinkiri. Cewa sada zumunci da riƙon amana ba ƙananan abubuwa ba ne. Kuma cewa ni ba zan zaɓa masa ba. Takarda huɗu na cika. Wannan wasiƙa ta yi saɓani da shi a hanya, bai taɓa karanta ta ba. Abin da ya yanke al'amarin ya fi ta gajarta.

Manoma suna da hanyar gwada iri: a ƙirga ƙwaya ashirin, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a rufe da ƙwarya kwana huɗu. Safara'u ta yi haka ba tare da ta gaya masa ba. Wata safiya da hantsi, ya dawo daga kasuwa shan ruwa, ta buɗe tsumman a gabansa.

Ta ce, "Malam, ƙirga."

Ya ƙirga. Tara suka tsiro.

"Bara da na gwada, sha tara ne. Bana tara. In mun je Makka mun dawo, muka sake tara na mota, nawa kake zaton za su rage?"

Ya ce, "Yanzu so kike in ba alƙibla baya, bayan shekara ashirin da huɗu?"

Ta ce, "Ɗakin Allah yana nan inda Ya ajiye shi, ba ya tsufa. Wannan ce ke mutuwa a rataye a kanmu. Babana baɗi ya yi ta cewa har muka binne shi. Ni kuma tun ina yarinya ake ce mini 'yar Sabuwa, ban san ko gabas take kallo ko yamma ba."

Ya gaya mini cewa ya ɗauki tsiron tara ya yi ta kallo, fararen saiwoyi kamar zare. Ya yi istihara kwana bakwai. A rana ta takwas ya je wurin dattawan unguwa ya sanar da su. Wasu suka yi masa nasiha, wasu suka daina amsa sallamarsa da sakin fuska, kuma kamar yadda aka saba, ba a raka shi ba. Amma a kwanakin da suka rage, mutane suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana dubawa kada a gan shi, suna ba shi wasiƙu zuwa Faskari da Gusau da Malumfashi da Zariya. Ya taho da wasiƙa talatin da ɗaya. Sanusi ya zauna can da iyalinsa, shi ya kai su tashar mota.

Sun sussuke irin suka gauraya da toka, Safara'u ta ɗinke shi cikin matashin kai, suka bar zangarniya uku yadda suke don shaida. Kwana arba'in da ɗaya suka yi a hanya, domin ƙasar Chadi ba ta zauna lafiya ba a lokacin, motoci sai sun taru suke tafiya. Ya ce duk inda ya ga hadari ya haɗu a yamma sai ya shiga lissafin ko an yi shuka a gida.

An yi. Sun sauka Kankara a tsakiyar watan Yuni, ruwa ya riga ya sauka sau biyu, gonaki sun yi kore. Labari ya riga su isa Mabai, mutane suka fito. Kowa ya miƙa masa hannu sai ya ce, "Alhaji, sannu da zuwa," domin ba wanda ya yi zaton mutum zai yi wannan daɗewa a gabas bai sauke farali ba. Shi kuwa ga kowane ɗaya sai ya ce, "Ban je ba. A Gadarif na tsaya." Na ƙirga ya faɗi haka fiye da sau ashirin kafin ya kai ƙofar gida, muryarsa ba ta canza ba, amma gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Alhaji Ɗanliti ne ya sauƙaƙa abin, da yake taubashinsa ne, akwai wasa tsakaninsu. Ya faka babur ɗinsa, ya washe baki haƙorin Makka yana walƙiya, ya ce, "Kai dai an yi ragon matafiyi. Shekara ashirin da huɗu! Ni awa biyar na yi. Na ma hango ka ta taga kana dako, na ɗaga maka hannu ba ka amsa ba."

Nata'ala ya ce, "Na ga jirgin. Na ce wanga da ke tangaɗi haka, lalle Ɗanliti na ciki, nauyin cikinshi ne."

Aka yi dariya, kunya ta ragu.

Gide yana zaune a zaure, idonsa ya kusa rufewa. Bayan sun gaisa sun yi kukan da za su yi, Nata'ala ya ɗora masa zangarniya ɗaya a cinya. Gide ya bi wuyanta da yatsa har inda ta lanƙwasa, ya murza ƙwaya ɗaya ya kai hanci, ya ce a kira Mero ta gaya masa launin ƙaiƙayin. Ta ce baƙi ne. Ya ce, "To, a ɗauko sungumi."

Washegari aka shuka gonar bakin tsamiya, ƙwaya goma a rami maimakon biyar, saboda raunin irin. Kusan rabi ya tsiro. Aka yi noman farko, aka yi maimai, dawa ta tashi baƙi ƙirin don ƙasar ta huta shekara biyu. Hankali ya kwanta.

A nan ne suka yi kuskuren da ya kusa tafiya da kome, kuma kuskure ne na waɗanda suka san abu da kyau. Kowa a gidan ya san lokacin Kaurar Nana: ba ta nuna sai ruwa ya ɗauke, tare da sauran dawa. Gide ya ce ba ta bukatar tsaro kafin nan. Nata'ala ya san tana saurin nuna a Gadarif, amma ya ɗauka halin ƙasar can ne, in ta dawo ƙasar kakanninta za ta koma ɗabi'arta. Bai lura ba cewa shekara ashirin yana zaɓar masu riga nuna, har ya mayar da ita wata aba dabam a wajen lokaci. Da ta fid da kai da wuri, suka ce albarkar hutun ƙasa ce. A cikin watan Satumba ya ɗauki Safara'u zuwa Sabuwa neman dangin mahaifinta, ya kuma raba sauran wasiƙun da ke hannunsa a Faskari. Sun sami wata gwaggonta da rai, tsohuwa ƙwarai, ta riƙe su kwana shida.

A cikin kwanakin nan kaurar ta yi madara ta fara ƙosawa, ita kaɗai a duk karkarar, wata guda kafin kowace dawa. Tsuntsayen jan baki ba su da wata gona sai ita. Da suka dawo suka tarar da Mero a tsakiyar gonar, tana buga gwangwani, muryarta ta dushe, kwana uku tana fama ita kaɗai, domin samarin gidan duk suna Kaduna. Fiye da rabin kawunan sun zama ƙaiƙayi.

Na je da kaina na ga abin da ya biyo baya. Tsofaffi ne ke tsaron gona. An zaunar da Gide a gindin tsamiya da tsohon kwano da sanda. Alhaji Ɗanliti ya kawo rediyonsa ya rataye a kara ya ƙure murya, yana kuma danna ƙahon babur. Tsuntsaye suka saba da duka cikin yini biyu. A kore su a gabas su sauka a yamma. Safara'u ta ce a Gadarif in kai kaɗan ne ake son tsarewa, naɗe su ake yi da ƙyalle mara kauri wanda iska ke ratsawa. Aka duba gida, tsummokaran da ke akwai masu kauri ne, za su riƙe ruwa su ruɓar da ƙwaya.

Nata'ala ya tafi gida. Ya dawo da fararen ƙyallayen haraminsa guda biyu, har yanzu da ninkin kanti a jikinsu. Ya miƙa wa Safara'u gefe ɗaya.

Ta ce, "Malam, ka tabbata?"

Ya ce, "Ƙyalle ne. Ba a ɗaura shi ba tukuna. Ja."

Suka kekketa shi ƙanana. Ya shiga gonar shi kaɗai, kamar yadda maigida ke yi, domin Gide ya ce yau shi ne idon gidan, ya zaɓi kawunan da suka fi cika, aka bi su ana naɗewa. Kai sittin da uku ƙyallen ya isa. Har yau in na rufe ido ina ganin gonar nan da la'asar, fararen kawuna a sunkuye cikin koren ganye. Ruwan ƙarshen damuna ya ɓata goma sha ɗaya. Aka girbe hamsin da biyu lafiyayyu.

Ba a ci ko ɗaya ba a shekarar, sai kai guda da Mero ta sussuke ta dama wa Gide kunu. Ya sha, ya riƙe ƙoƙon a hannu, ya ce a yi wa Nana addu'a, muka yi. Gide ya rasu da bazara, kafin shuka ta gaba, bayan ya raba zangarniyar da hannunsa ga gidajen da suka rasa ta.

Nata'ala ya rayu shekara goma sha uku bayan dawowarsa. Bai je Hajji ba. Shekarar da Alhaji Ɗanliti ya yi niyyar biya masa kujera, ciwon ƙafa ya riga ya kwantar da shi. Da ya sami sauƙi kuma, yalwar ta wuce, kujera ta fi ƙarfin irinsu. Yakan zo zaurena ranar kasuwa, kuma na lura in alhazai suna ba da labarin Arfa yakan saurara da dukkan jikinsa, ba ya sa baki. Wani lokaci kuma Gadarif yake tunawa: shayin safe, da kisra, wato gurasar dawa ta can, da muryar ladanin unguwarsu, da jikokin da bai gani ba sai a hoto. Sau ɗaya na tambaye shi ko yana nadama. Ya ce yana kewa, amma kewa dabam, nadama dabam. Na gaya masa abin da ke cikin wasiƙata mai takarda huɗu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ashe da ta iso ma, da sai na ƙirga tsiron nan."

Ban yanke hukunci a kan zaɓinsa ba a lokacin, ba kuma zan yanke yanzu ba. Wanda ya san niyyar da ta fitar da shi daga Mabai, Shi ya san wadda ta mayar da shi. Abin da na sani shi ne Kaurar Nana tana nan a Mabai da Yankara, har Sabuwa inda Safara'u ta kai wa danginta. Ba ta koma tsohon lokacinta ba. Masu shuka ta sukan jinkirta mako uku bayan sauran dawa don ta nuna tare da su, kuma a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri ita ce ta fi cika rumbu. Matasan da ke yin haka, mafi yawansu ba su san dalilin jinkirin ba, sun dai taras ana yi.

Allah Ya gafarta wa Nana da Gide da Mero da Nata'ala, Ya ba Safara'u lafiya a tsufanta, Ya rubuta wa abokina ladan hanyar da ya fara, Ya haɗa mu da su a gidan da ba a yin kewa.